Idan aka kira sojan ajiya lokacin yaƙi, ɗan wa ake turawa gaba?

Ɗan Kakatare, Marwa

Assalamu alaikum jama'a. Akwai muhawarar da ta ƙi ƙarewa a majalisun Marwa, na ga gara in kawo ta inda masana suke. Tun da Shugaba Biya ya ayyana yaƙi da Boko Haram a watan Mayun 2014, Mayo-Sava da Mayo-Tsanaga da bakin Tafkin Chadi ba su samu cikakken kwanciyar hankali ba. Sojan Kamaru kuwa aikin ganin dama ne, ba a kama kowa a sa shi dole. Shi ya sa wasu ke cewa a kafa rundunar ajiya ta gaske: kowane saurayi ya yi horo na 'yan watanni, ya koma sana'arsa, ranar da ƙasa ta shiga matsi a kira shi. A ganinsu ta haka ne kawai ɗan minista da ɗan mai tura kura za su ɗanɗani abu guda, kuma manya za su daina yi wa yaƙin arewa kallon abin da ke faruwa a wata ƙasa.

Wasu kuma na cewa mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwonsa gaya. Ko an rubuta "kowa da kowa" a doka, 'ya'yan mowa za su sami ofis mai sanyi a Yawunde, 'ya'yan bora su tafi Kolofata da Fotokol, bakin daga a kan iyakar Najeriya.

Ina son waɗanda suka san aikin su fayyace mana. A ƙasashen da suka gwada wannan tsari ana tsakiyar yaƙi, ta wace ƙofa shafaffu da mai suke zillewa? Akwai inda aka taɓa toshe ƙofar? Ba ra'ayi kaɗai nake nema ba, ina son yadda abin yake tafiya mataki-mataki.

Malamin Tarihi, Garwa

Wa alaikumus salam ƙanina. Abu na farko da ya kamata a gane shi ne rundunar ajiya kanta tana iya zama maɓoyar 'ya'yan manya. Misalin da ya fi fitowa fili shi ne Amurka a yaƙin Biyetnam.

Ranar 28 ga Yulin 1965 Shugaba Lyndon Johnson ya sanar da ƙara sojoji a Biyetnam. Manyan hafsoshinsa sun so ya kira rundunar ajiya, ya ƙi. Maimakon haka ya ninka yawan samarin da ake ɗauka dole kowane wata, daga 17,000 zuwa 35,000. Dalilinsa na siyasa ne: sojan ajiya magidanci ne mai aiki da iyali, mai ƙuri'a da baki, kiran sa zai tada ƙura a majalisa, amma ɗan shekara 19 da bai da kowa ba zai tada ba. Daga wannan rana duk mai wayo ya gane cewa wanda ya sami shiga rundunar tsaron jihohi, wadda sashe ce na rundunar ajiya, ya tsira. Sharaɗin shi ne ka sa hannu na shekara 6, ka yi horo na 'yan watanni, sannan ƙarshen mako ɗaya a wata da mako biyu a shekara, kana kwana a gidanka. Gurabe suka cika, layin masu jira ya yi tsawo, kuma da zarar gurbi ya yi ƙaranci sai sanayya ta fara aiki. George W. Bush ya shiga sashen jiragen sama na rundunar Texas a watan Mayun 1968, lokacin mahaifinsa yana ɗan majalisar wakilai. Dan Quayle, jikan masu manyan jaridu, ya shiga ta Indiana a 1969. Baƙar fata kuwa da ƙyar suka wuce kashi 1 cikin 100 na wannan runduna. Amurkawa kimanin 58,000 suka mutu a yaƙin, na rundunar tsaron jihohi kusan 100 ne kacal a cikinsu.

Ƙofa ta biyu karatu ce. Duk wanda ke jami'a ana ɗage masa kira har ya gama. Dick Cheney, wanda daga baya ya zama mataimakin shugaban ƙasa, sau biyar aka ɗage masa, huɗu saboda karatu, har shekarunsa suka wuce. A takarda doka ce ta kowa, a aikace kuwa sai mai kuɗin jami'a. A ɗaya gefen, daga 1966 sakataren tsaro McNamara ya sassauta jarrabawar shiga soja, aka kwashi samari sama da 300,000 waɗanda a da ake mayarwa gida saboda ƙarancin maki, akasarinsu 'ya'yan talakawa, kuma mutuwa ta fi yawa a cikinsu. Wato an buɗe ƙofar fita a sama, an faɗaɗa ƙofar shiga a ƙasa, a lokaci guda.

Da kuka ya yi yawa sai aka koma ƙuri'a. Ranar 1 ga Disambar 1969 aka zuba ƙwanso 366 cikin tulun gilashi, kowanne da ranar haihuwa, aka riƙa zarowa a gaban talabijin. 14 ga Satumba ce ta fara fitowa, kuma an kira har lamba 195. Ko nan an yi kuskuren da ya kamata mai shirya ƙuri'a ya sani. An zuba ƙwansunan wata bayan wata, Janairu a farko, Disamba a ƙarshe, ba a gauraya su sosai ba, sai waɗanda aka haifa a ƙarshen shekara suka fi samun ƙananan lambobi. A shekarar da ta biyo sai aka yi ganga biyu, ɗaya ta ranaku ɗaya ta lambobi, ana zarowa daga kowacce ana haɗawa. Amma ƙuri'a ba ta rufe ƙofar likita ba, kuma ɗage wa ɗaliban jami'a sai 1971 aka fara soke shi, yaƙin ya riga ya doshi ƙarshe.

Bayan 1973 sojan Amurka ya gyara tsarinsa ta yadda ba zai iya yin dogon yaƙi ba sai ya kira ajiya, domin an zuba sassan sufuri da injiniyoyi da asibiti a cikinta. Sai abin ya juye. A Iraƙi, wajen 2005, kusan kashi 40 cikin 100 na sojojin Amurka 'yan ajiya ne, ana mayar da mutum sau biyu, sau uku. Da ajiya ta zama wurin haɗari, ba a sake jin ana neman hanyar shiga cikinta ba. Saboda haka kafin a tambayi wa ke cikin ajiya, a fara tambayar ko gwamnati na da niyyar kiran ta.

Baba Ajudan, Ngaundere

Malam ya yi bayanin tarihi. Bari in bi hanyar da saurayi ke bi daga gida zuwa bakin daga, domin a kowane zango akwai inda ake yoyo.

Zango na farko rajista. Ba a kiran wanda ba ya cikin littafi, kuma littafin daga takardar haihuwa ake gina shi. Kowa ya san halin da Arewa Mai Nisa ke ciki: yara da yawa ba su da takardar haihuwa, sai an zo jarrabawar CEP ta gama firamare ake gudu kotu neman hukuncin da zai maye gurbinta. Mutum zai ɗauka rashin takarda kariya ce ga talaka. Ba haka abin ke ƙarewa ba. Idan littafi bai cika ba, kuma an ba sufurefe, wato jami'in gwamnati mai riƙe da gunduma, adadin da zai kawo, zai sauke adadin a kan lamido, lamido ya sauke a kan lawan da jauro. Mai unguwa ba zai rubuta ɗansa ba, ba zai rubuta ɗan alhajin da ya gina masallaci ba. Maraya zai rubuta, da baƙo, da wanda ubansa ke rigimar gona da shi. Duk tsarin da ya raba adadi ga masu sarauta ya bar musu zaɓin sunaye ya lalace tun kafin a busa usur.

Na biyu, jerin waɗanda aka ɗauke wa. Yi lissafi mai sauƙi. A ce gunduma tana da samari 1,000 'yan shekara ɗaya, ana buƙatar 100. Kowa yana da ɗaya cikin goma. Cire ɗalibai 150, ma'aikatan da aka ce ba a iya rabuwa da su 100, masu takardar likita 50. Saura 700, kuma har yanzu 100 ake nema. Manomi ya koma ɗaya cikin bakwai ba tare da an canza harafi ɗaya a dokar da ta shafe shi ba. Duk ɗaukewar da aka yi wa wani, nauyin kan wani yake sauka. Akwai ɗaukewar da babu makawa: likitan tiyata, mai kula da injin wuta na madatsar Lagdo, ɗa tilo mai riƙe da tsofaffi. Ka'idar ita ce a ɗauke wa kujera, kada a ɗauke wa mutum. A fitar da jerin kujerun kafin yaƙi, a ƙayyade yawansu a kowace ma'aikata, kuma wanda aka naɗa kan kujerar bayan an sanar da kira ba ya cin moriyar. In ba a yi haka ba, cikin mako biyu za ka ga kamfani mai ma'aikata 20 ya haifi "ƙwararru" 60. Rasha ta nuna wannan a Satumbar 2022: an sanar da kiran mutum 300,000, cikin kwana biyu aka ɗauke wa ma'aikatan bankuna da na kwamfuta da na sadarwa, masu fasfo da kuɗin jirgi suka fice ta Jojiya da Kazakistan, kuka ya fito daga yankunan talakawa irin Dagestan da Buryatiya.

Na uku likita, kuma nan ne kasuwa ta fi ci. Ciwon baya, asma, hawan jini, larurar ƙwaƙwalwa, duk abin da ba a gani da ido. Mai hali yana zuwa da fayil na shekara uku daga asibitin kuɗi. Talaka mai ciwon gaske bai taɓa ganin likita ba, ba shi da takarda ko ɗaya, sai a buga masa hatimin lafiya. Yukiren ta kori dukkan shugabannin ofisoshin ɗaukar soja na yankuna a Agustan 2023 saboda cin hanci, sannan a Oktoban 2024 babban mai gabatar da ƙara na ƙasar ya ajiye aiki bayan an gano jami'ai da dama da takardun naƙasa na bogi. Maganin da aka sani: likitoci uku waɗanda ba 'yan yankin ba, a sauya su kowane 'yan makonni, a yi gwajin a asibitin soja kyauta ga kowa, fayil ya tafi da lamba ba da suna ba, sannan a zaɓi kashi ɗaya cikin goma na waɗanda aka sallama a sake gwada su a wani gari.

Na huɗu shi ne wanda farar hula ba su cika lura da shi ba: rabon wurin aiki. Mutum biyu sun sa kaki iri ɗaya, sun yi horo tare a nan Ngaundere, ɗaya ya zama magatakarda a hedikwata ko direban kanar, ɗaya yana gadin tsibiri a Darak, cikin Tafkin Chadi. Dukansu za su ce sun yi wa ƙasa hidima. A kowace runduna masu aikin baya sun fi masu riƙe bindiga a gaba yawa, saboda haka wuraren ɓuya ba su ƙarewa, kuma takardar makaranta ce ke ba da hujja: wannan ya iya kwamfuta, a bar shi a ofis. Faransa ta sha wannan rigima a yaƙin duniya na farko har ta yi dokar Dalbiez a 1915 don zaƙulo masu lafiya daga ofisoshi. Abin da ke aiki shi ne juyi a rubuce: kowane mai lafiya sai ya yi wata kaza a gaba kafin a ba shi kujerar baya, kujerun baya kuma a fara ba waɗanda suka ji rauni da waɗanda shekarunsu suka ja.

Sai ranar dawowa. Doka ta faɗi wata nawa, a kuma cika. Yukiren ta rage shekarun kira daga 27 zuwa 25 a Afrilun 2024, amma an cire sashen da zai sallami wanda ya yi wata 36. Wanda ya fara shiga shi ke ta zama, kuma ganin haka ne ke sa na gida ya ƙara ɓuya.

Ɗan Kakatare, Marwa

Allah ya saka da alheri Malam, Allah ya ƙara girma Baba. To tun da mai kuɗi zai biya ko ta wace hanya, me zai hana a mayar da abin fili? Ya biya baitulmali maimakon aljihun likita, a ɗauki kuɗin a kula da iyalan waɗanda suka tafi. Na ji ana cewa akwai ƙasashen da ke yin haka.

Akawu, Njamena

Akwai, ɗan'uwa, amma iri biyu ne, kada a haɗa su.

Na farko shi ne sayen kai. Turkiyya ta mayar da shi doka ta dindindin a 2019: ko ka yi wata 6, ko ka biya kuɗi, a lokacin lira 31,000 da ɗoriya, ka yi horon wata ɗaya ka koma gida. Kuɗin ɗaya ne ga kowa, saboda haka ga ɗan kasuwa kuɗin cefane ne, ga lebura kuwa sai an sayar da gona. Wannan tsohon abu ne. Amurka ta yi shi a 1863, dala 300, kusan abin da lebura ke samu a shekara, kuma a watan Yulin shekarar aka yi tarzomar kwana huɗu a New York, mutum fiye da 100 suka mutu. Faransa ta daɗe tana barin wanda ƙuri'a ta faɗa wa ya yi hayar wani ya tafi a madadinsa, sai 1872 ta soke, kuma ko bayan nan mai takardar karatu da faran 1,500 shekara ɗaya yake yi. Sai 1905 aka daidaita kowa a shekara biyu.

Na biyu shi ne na Siwizalan, kuma shi nake ganin akwai abin koyo a ciki. Ba ka da ikon zaɓar biya. Idan an gwada ka aka ga ba ka dace ba, kuma ba ka yi aikin farar hula a madadin na soja ba, za ka riƙa biyan kashi 3 cikin 100 na kuɗin shigarka da ake yi wa haraji, mafi ƙaranci faran Siwizalan 400 a shekara. Mai samu da yawa ya biya da yawa. Wanda kuma aka kira ana biyan sa kashi 80 cikin 100 na abin da yake samu a wurin aikinsa, daga asusun da kowa ke zuba wa.

Wannan kashi 80 ɗin shi ne inda tsarin zai karye a wurinmu. Ma'aikacin gwamnati idan an kira shi albashinsa na tafiya, kujerarsa na jiran sa. Amurka ma tana da dokar 1994 da ta tilasta wa mai kamfani ya riƙe wa sojan ajiya aikinsa har jimillar shekara 5. To ɗan acaɓa fa, wanda babur ɗin ma na wani ne? Masunci a tafki? Manomin albasa? Mai dashen muskuwari, wato dawar rani, yana da 'yan makonni ne bayan ɗaukewar ruwa, wajen Oktoba, ya dasa a karal, ƙasar laka mai riƙe ruwa, kafin ta bushe. Ka ɗauke shi a wannan lokacin, ka ɗauke hatsin gidan na shekara guda. Ba shi da takardar albashin da za a lissafa kaso a kanta. Saboda haka biyan diyya a nan dole ya zama kuɗi tsayayye, kada ya gaza mafi ƙarancin albashi, wanda a 2023 aka sa shi sefa 60,000 a kamfanonin Kamaru da ba na noma ba, da ƙari kan kowane yaro, a tura kai tsaye wayar matarsa ko mahaifiyarsa, kada ya bi ta hannun kwamanda. Horon shekara-shekara kuma a sa shi bayan girbi. Idan baitulmali ba zai iya ɗaukar wannan ba, to ƙasar ba ta da halin riƙe rundunar ajiya, talaka ne zai riƙe mata ita da cikin 'ya'yansa. Harajin waɗanda aka ɗauke wa shi zai cike asusun, shi ya sa ban ƙi shi ba.

Malam na Mora

Akawu, haraji a kan wanda aka tabbatar ba shi da lafiya ban ƙi ba. Amma kada a bar wata kafa, ko ƙarama, da mai lafiya zai ba da kuɗi ya zauna. Ɗan Kakatare, ka dubi abin da muka karanta tun muna yara. A Badar, cikin manyan Ƙuraishawa Abu Lahabi ne ya zauna a Makka ya tura Asi ɗan Hishamu a madadinsa, saboda yana bin sa bashin dirhami 4,000, kuma Asi bai dawo ba. Hayar mutum ya mutu a madadinka, ka ga inda asalinta yake.

A yaƙin Tabuka, shekara ta 9 bayan hijira, ana tsananin zafi, dabino ya nuna, tafiya mai nisa. Suratut Tauba ta ɗauke laifi daga raunana da marasa lafiya da waɗanda ba su da abin ciyarwa, ta ambaci waɗanda suka koma suna kuka don ba a sami abin hawan da za a ba su ba. Sannan ta ɗora laifin a kan masu neman izinin zama alhali suna mawadata. Ka'abu ɗan Maliku da kansa ya ce bai taɓa samun wadata irin ta lokacin ba, har raƙuma biyu gare shi, kuma aka ƙaurace masa kwana 50 shi da abokansa biyu. Sayyidina Usmanu ya ba da dukiya mai yawa don shirya rundunar, kuma bayarwar ba ta zama kuɗin zama a gida ba. Wato dukiya ƙarin nauyi ce a kan mai ita.

Akwai kuma dalili na aiki. Ranar da aka sa wa fita farashi, wanda ke cikin rami ya san nawa aka kimanta ransa. Irin wannan soja ba ya tsayawa idan wuta ta yi zafi, kuma ba zan zarge shi ba. Ɗaukewa saboda karatun addini ma ban yarda a yi ta a dunƙule ba. Isra'ila ta fara da ɗaliban addini kusan 400 a 1948, abin ya kumbura ya zama dubun-dubata. Da ta kira 'yan ajiya kimanin 360,000 a Oktoban 2023 don yaƙin Gaza, rigimar ta fashe, har kotun ƙolinsu ta yanke a Yunin 2024 cewa babu hujjar doka ga ɗaukewar. Kowace ƙungiya mai ƙarfi a siyasa, in ta sami kafa, faɗaɗa ta take yi.

Yaya ta Kusiri

Na gaishe ku iyayena da yayyena. Ana ta magana kamar rundunar ajiya abu ne da za a kafa nan gaba. A ganina muna da ita tun 2014, sunanta ne kawai ba haka ba: 'yan sintirin ƙauyuka, kwamitin bijilans na Amcide da Kerawa da Kolofata da Tourou da sauransu. Su ne farar hular da ke barin gona su kwana a bakin gari. Lawan ko jauro ne ke tattara sunaye, sufurefe ya amince. Makamansu kwari da baka, adda, bindigar toka, tocila, usur, wani lokaci na'urar binciken ƙarfe da babur ko keke na gudummawa. Su ne ke tare mai ɗauke da bam a ƙofar kasuwa, kuma da yawa a nan suka rasu. Ba su da lambar soja, ba albashi tsayayye, ba fansho. Abin da ke zuwa kyauta ce, buhun shinkafa ko ambulan in babban mutum ya kawo ziyara, kyauta kuwa ba a kai ƙara a kanta. Babu wanda ya sayi takardar likita don ya kauce wa wannan aikin. Mai hali ya kwashe iyalinsa ya koma Marwa ko Garwa tun farkon rikicin, wanda ba shi da kuɗin haya ya zauna ya ɗauki baka. Tacewar da Baba Ajudan ya bayyana ta riga ta faru ba tare da doka ko ɗaya ba.

Kuma mun taɓa ganin irinta. A 1918 Blaise Diagne, ɗan Senegal mai kujera a majalisar Faransa, ya tara wa Faransa mutum kimanin 77,000 daga yammaci da tsakiyar Afirka, kuma sananne ne cewa a wurare da yawa sarakuna bayi da marasa gata suke miƙawa. Bayan yaƙin, a yammacin Afirka, samarin da ƙuri'a ba ta kai su bariki ba an ajiye su da sunan kashi na biyu, wato ajiya, daga 1926 kuma aka mayar da su leburorin dole, har da aikin madatsar Markala a Mali. A nan gida, gwamnan Chadi Félix Éboué ya kai ƙasar ga De Gaulle, jagoran Faransawan da suka ƙi miƙa wuya ga Jamus, ranar 26 ga Agustan 1940, Kamaru ta bi washegari, kuma da sojojin Chadi kwamandan De Gaulle, Leclerc, ya ci Kufra ta Libiya a 1941. Sakamakonsu shi ne dokar 1959 da ta daskarar da fanshonsu, Bafaranshen da suka yi yaƙi tare yana karɓar ninki-ba-ninki. Sai 2011 aka daidaita gaba ɗaya, lokacin akasarinsu suna kabari.

Saboda haka kafin a yi maganar kiran ɗan minista, a fara rubuta waɗanda ke bakin aiki. Burkina Faso ta yi doka a Janairun 2020 ta ba 'yan sa-kanta matsayi, da horon kwana 14. Kwana 14 ya yi kaɗan ƙwarai, an yi asarar rayuka da yawa, an kuma zarge su da kashe fararen hula, musamman Fulani. Bayan dokar kiran gaba ɗaya ta Afrilun 2023 har masu sukar gwamnati aka riƙa kamawa ana turawa daji, ciki har da tsohon ministan harkokin waje Ablassé Ouédraogo yana da shekara 70. Wannan ma wata fuskar rashin adalcin ce, ranar da kira ya zama bulala a hannun mai mulki. Duk da haka rubuta mutum a doka ya fi barin sa a iska.

Abin da ɗan sintiri ke buƙata ba shi da yawa. Kati mai hoto da lamba wanda ke cikin rajistar ma'aikatar tsaro, ba littafin lawan kaɗai ba. Horo na gaske kan bincike da taimakon gaggawa da iyakar ikonsa, domin wanda ba a koya wa iyaka ba yana iya zama abin tsoro ga maƙwabtansa. Jadawalin kwana, dare kaza a mako, da sassauci lokacin shuka da girbi. Magani kyauta a asibitin soja idan ya ji rauni. Sunan magaji a rubuce tun ranar farko, da adadin diyya a cikin doka. Wannan na ƙarshen ya fi shafar mata. Yawancin auren ƙauye a masallaci aka ɗaura, babu takardar magajin gari, yaran kuma ba takardar haihuwa, to ko an ware kuɗi gwauruwar ba ta da abin da za ta nuna a ofis. Dokar ta karɓi shaidar limami da mutum biyu na unguwa, kuma a yi wa 'ya'yan ɗan sintiri takardar haihuwa a ranar da ake yi masa katin.